Da gaske ne 1860 Munich ta girmi Bayern da shekara arba'in?

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure mana a gidan kallo. Wani ya ce a birnin Munich akwai ƙungiyar da ta girmi Bayern, sunanta 1860 Munich, kuma wai a da ita ce babba. Ni kuwa na ce a 1860 ko a Ingila ba a gama tsara dokokin ƙwallo ba, balle Jamus. Wa ke da gaskiya? In da gaske ne, ina ta shige yau ba ma jin ɗuriyarta?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannenku ya riƙo wani ɓangare. Shekarar da ke jikin sunan ba ta ƙwallo ba ce. Asalinta ƙungiyar motsa jiki ce da aka kafa a 1848, hukuma ta haramta ta a 1849 saboda zargin siyasa, aka sake kafa ta ranar 17 ga Mayu 1860. Sashen ƙwallon ƙafa sai a 1899 ya samu. Bayern kuwa a Fabrairun 1900 aka kafa ta. Ka ga ke nan a fagen tamaula tazarar ba ta wuce shekara guda ba.

Amma batun cewa ta taɓa zama babba a garin, abokinka bai yi ƙarya ba. Lokacin da aka buɗe gasar Bundesliga a 1963 da ƙungiyoyi 16, gurbi ɗaya aka bai wa Munich, kuma 1860 ce ta samu. Bayern a waje aka bar ta, sai a 1965 ta hauro da guminta. A ƙarƙashin koci Max Merkel, Zakuna, kamar yadda ake musu laƙabi, suka ɗauki kofin ƙalubale na Jamus a 1964, suka kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofunan Turai a 1965, inda West Ham ta doke su da ci biyu da nema a Wembley. A 1966 suka lashe Bundesliga. Shi ne na farko, kuma har yau ba su ƙara ba.

Akwai labarin da magoya bayansu ba sa son a tuna musu. A 1958 wani yaro mai suna Franz Beckenbauer, wanda daga baya ya zama gwarzon Bayern da Jamus, ɗan unguwar Giesing inda 1860 take da gindin zama, ya riga ya ƙudurta komawa wurinsu. Ana cikin wasan matasa sai wani ɗan wasan 1860 ya kwaɗa masa mari. Yaro ya yi fushi, ya nufi Bayern. Ba na cewa mari ɗaya ne ya juya tarihin gari, don Bayern ta kuma samu taurari irin su Gerd Müller da Sepp Maier, amma dai an yi asarar da ba ta da mafita.

Daga nan sai hawa da sauka. A 1982 aka ƙwace musu lasisi saboda bashi, aka jefa su rukuni na uku, a kakar da Rudi Völler ya zura musu ƙwallo 37. Sai a 1994 suka dawo Bundesliga. Masu kallo na wancan zamani za su tuna Abedi Pele na Ghana ya saka musu riga shuɗiya daga 1996 zuwa 1998. A 2000 suka ƙare a na huɗu, Leeds ta hana su shiga gasar zakarun Turai.

Inda ni nake ganin ƙafarsu ta gurɗe shi ne filin Allianz Arena. Sun haɗa hannu da Bayern wajen gina shi, rabi da rabi, alhali aljihun ba ɗaya ba ne. Kafin a buɗe shi a 2005 sun riga sun faɗa rukuni na biyu. Shekara na zagayowa suka sayar wa Bayern da kasonsu a kan Yuro miliyan 11, mai gida ya koma ɗan haya a wurin kishiyarsa. A 2011 wani attajiri ɗan Jordan, Hasan Ismaik, ya sayi kashi 60 na hannun jari, sai dai dokar 50+1 ta Jamus, wadda ta ce rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun 'yan ƙungiya, ta hana shi samun rinjayen. Mai kuɗi na son iko, 'yan ƙungiya sun ƙi saki, aka yi ta sa-in-sa.

A 2017 ƙungiyar Jahn Regensburg ta fitar da su daga rukuni na biyu. Ismaik bai biya kuɗin lasisin rukuni na uku ba, sai suka zarce na huɗu, wato gasar jihar Bavaria. Suka tattara kayansu daga Allianz suka koma tsohon filinsu na Grünwalder da ke Giesing, mai cin mutum dubu 15, gidajen jama'a kewaye da shi, har maƙwabta kan leƙo wasa ta taga. A can suka hauro rukuni na uku a 2018. In ka je garin ka ji ana ihun "Sechzig", wato sittin da Jamusanci, su ake nufi.