Amsa kan kuskuren masu tsaron gida da hukuncin masu sharhin talabijin

Malam, ka tambaya ko masu sharhi a talabijin suna da gaskiya idan suka ɗora wa mai tsaron gida laifin ƙwallon da ta shiga raga, ko kuwa dai neman wanda za a rataya wa jakar tsaba kawai suke yi. Na daɗe ina tsaron gida a ƙananan ƙungiyoyi kafin gwiwa ta tsayar da ni, daga baya kuma na koma koya wa yara aikin, saboda haka zan ba ka amsa daga abin da na gani ina tsaye tsakanin turakun nan biyu.

Akwai kuskuren da ba ya bukatar gardama. Ƙwallon da Clint Dempsey na Amurka ya buga daga nesa a gasar Kofin Duniya ta 2010, wadda ta suɓuce daga hannun Robert Green na Ingila ta gangara cikin raga, laifin Green ne, domin bai sa jikinsa a bayan hannayensa ba, kuma wannan shi ne darasin farko da ake koya wa yaro. Amma irin wannan kaɗan ne a cikin ƙwallayen da ake zagin masu tsaron gida a kansu.

Matsalar tana farawa ne daga maimaicin da ake nuna mana a hankali. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi daga bakin yadi na 18 ba ta cika daƙiƙa ɗaya kafin ta iso, amma a talabijin sai a ja ta har mai kallo ya ga kamar mutum yana da lokacin yin shawara. Kamara kuma tana sama, tana ganin komai, alhali mai tsaron gida yana leƙe ne ta tsakanin ƙafafun 'yan bayansa, sau da yawa ma ba ya ganin lokacin da ƙwallon ta bar ƙafar mai bugu sai ta wuce mutum na ƙarshe. Abin da nake gaya wa yara shi ne su daina kallon hannun gola, su kalli ƙafafunsa. Idan a daidai lokacin bugun ƙafafunsa biyu suna ƙasa, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, nauyinsa a kan yatsu, to ya yi abin da ya kamata, ko da ƙwallon ta wuce shi. Idan kuwa yana cikin takawa zuwa hagu aka buga dama, nauyinsa duk ya koma kan ƙafa ɗaya, to nan ne kuskuren yake, kuma da wuya ka ji an ambace shi.

Haka kuma maganar nan da ake yawan nanatawa, wai abin kunya ne a ci mai tsaron gida ta turken da ke kusa da shi, ba doka ba ce. Faɗin raga mita 7.32 ne, kuma wanda ya manne wa turke ɗaya ya bar ɗayan a buɗe, ya kuma bar hanya ga ƙwallon da za a gara wa mai shigowa ta tsakiya.

Ba ina cewa masu sharhi ba su san ƙwallo ba. Gary Neville da Jamie Carragher idan suna warware yadda layin baya ya karye, mutum yana ƙaruwa sosai, domin wurin da suka buga ke nan. Sai dai su 'yan baya ne, Roy Keane kuma ɗan tsakiya ne, kuma kujerun sharhi galibi irinsu ne a kai. Ranar da aka zaunar da tsofaffin masu tsaron gida irin su Peter Schmeichel ko Joe Hart za ka ji magana ta sauya, ta koma kan inda gola ya tsaya da abin da ya tare masa gani. Ga kuma ƙarancin lokaci, domin a 'yan mintocin hutun rabin lokaci ya fi sauƙi a nuna fuskar mutum ɗaya da a bi sawun wanda ya zubar da ƙwallo a tsakiyar fili.

Aikin ma ya sauya. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, a 2019 kuma aka ba 'yan baya damar karɓar bugun gola a cikin yadi na 18. Koci ne yake umartar a fara gina wasa daga baya, amma idan aka ƙwace ƙwallon sunan gola ake kira.

Dubi Loris Karius, golan Liverpool a lokacin, a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai ta 2018, inda Real Madrid ta doke Liverpool da ci 3 da 1. Ya jefa ƙwallo ta bugi ƙafar Benzema ta shiga, sannan bugun Bale daga nesa ya kufce masa, kuma a daren nan aka gama yanke masa hukunci. Bayan 'yan kwanaki likitoci a Boston suka ce ya samu buguwa a kai a cikin wasan, wadda za ta iya shafar ganinsa. Oliver Kahn, golan Jamus, shi ma ya amayar da bugun Rivaldo a gaban Ronaldo na Brazil a wasan ƙarshe na gasar Kofin Duniya ta 2002, amma ƙwallo ɗaya tak aka ci shi kafin wannan wasa, kuma shi aka ba kyautar gwarzon gasar.

Don haka idan gardamar ta sake tashi, ka nemi bidiyon a ainihin gudunsa, ka koma baya kamar daƙiƙa goma kafin bugun, ka duba wanda ya rasa ƙwallon, da wanda ya ƙi taka wa mai bugu birki, sannan ka duba ƙafafun golan.