Amsoshin tambayoyinku: lufin zai iya maye gurbin waken soya a kiwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon shanun madara da tumaki a wajen Zariya, tsadar dusar waken soya kuma ta ishe ni. Na ji manoman Ingila da Ostareliya na noma wani wake, lufin, suna ciyar da dabbobinsu. Wani ya ce zai kawo mini irin. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka ji gaskiya ne. Ƙwayar lufin na ɗauke da furotin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, gwargwadon nau'insa, ita kuwa dusar soya da aka matse wa mai tana kai 44 zuwa 48. Ga shi ba ya bukatar gashi ko dahuwa kamar ɗanyen soya, ɓarzawa kawai za a yi a zuba. Sitacinsa kaɗan ne, don haka bai cika lalata wa dabba tumbi ba yadda hatsi kan yi idan ta ci ya wuce kima.

Sai dai ka duba su wa ke noma shi, kuma don me. Turawa na sayo mafi yawan soyar da dabbobinsu ke ci ne daga Barazil da Amurka da Ajantina, shi ya sa suke neman abin da gonarsu za ta iya bayarwa. A Yammacin Ostareliya, inda aka fi ko'ina noma shi, ƙasar rairayi ce mai tsami, ana shuka wajen watan Mayu da ruwan lokacin sanyi, a girbe wajen Nuwamba. Sai da masani John Gladstones ya yi shekaru yana tace iri kafin ya fitar da nau'in lufin mai suna Uniwhite a 1967. Shuka ce ta sanyi. Idan zafi ya kama ta tana fure, furen zubewa yake yi, ka tashi da ganye ba kwanso. Damunarmu kuma ga zafi ga laima, abin da cutar antaraknos ke so ke nan, wadda ke bin iri, ta murɗe kara ta ruɓar da kwanso.

Soyar da su suke sayowa daga wata uwa duniya, kai a Kaduna ake noma ta, a Binuwai ma haka. Ka ware wani yanki na gonarka ka shuka ta, ka nemi irin lablab, wani wake da ake nomawa don abincin dabbobi, a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ka adana harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka kafin ta yi tsada. Wannan ya fi maka.

Tambaya: Ina zaune a Sudan, turmus na da araha a kasuwarmu. Zan iya niƙa busasshen in haɗa wa kajina?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi. Turmus lufin ne, amma wanda aka saba nomawa a bakin Nilu mai ɗaci ne, ɗacin kuma guba ne. Kin san yadda masu sayarwa ke yi: a tafasa shi, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa, sannan a barbaɗa gishiri. Wannan wahalar duk ta fitar da gubar ce. Dabbar da ta ci busasshen da yawa za ki ga tana makyarkyata, numfashi na yi mata wuya, tana iya mutuwa. Kaji kuwa sukan ƙaurace wa abincin, ƙwai ya ja baya.

Wanda ake ba dabbobi shi ne marar ɗaci, da Reinhold von Sengbusch ya fara zaɓowa a Jamus a ƙarshen shekarun 1920. A Ostareliya ƙa'idar gubarsa kada ta wuce kashi 0.02 cikin ɗari. Ko shi kika samu, kada ya zarce kashi 10 zuwa 15 na abincin kaji, a kuma ƙara sinadarin metiyonin, wanda kaji ke bukata, saboda kaɗan ne a cikin lufin. In lufin ya yi yawa, kashinsu ya riƙa danƙo, ɗaki ya jiƙe.

Tambaya: Gonata a Mambila take, muna da sanyi. Mu fa?

Amsa: To, Malam, kai ne mai dalilin gwadawa. A tsaunukan Gojjam na Habasha sun daɗe suna noma farin lufin, suna ce masa gibto. Ka fara da 'yan kunyoyi kaɗan, a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, domin saiwarsa ba ta jure jiƙa.

Wajen sayen iri ne na fi jin tsoro. Fakitocin da ake tallatawa a intanet da hoton fure ja da shuɗi na ado ne, masu ɗaci ne, kada su kusanci garkenka. Ka nemi iri mai takardar shaida, mai sunan nau'i, wanda aka tabbatar ba shi da antaraknos, ka kuma karɓi izinin NAQS, hukumar da ke tantance kayan gona da ake shigowa da su Najeriya, kafin a shigo da shi. Ka haɗa da garin ƙwayoyin bakteriya da ake shafa wa iri, na lufin takamaimai, tunda ƙasar da ba ta taɓa ganinsa ba da wuya ta kasance da su, in babu su kuwa saiwar ba za ta yi ƙulluttukan da ke sama masa taki ba. Idan ya yi kwana 40, tumɓuke guda ka tsaga ƙullutun da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

Bayan girbi, kada ka saki tumaki a kan karan da ruwa ya daka ya yi fumfuna. Yana kawo cutar da ke cin hanta, alamarta dabba ta daina kiwo, idonta ya yi rawaya. Ka ga haka, ka janye su daga gonar nan take ka kira likitan dabbobi.