Amsar tambayar Kawu kan harajin da aka cire masa daga ribar takardar gwamnati

Assalamu alaikum Kawu, barka da yamma, da fatan an yini lafiya, ya jiki, ya iyali? Na saurari saƙonku, kuma na ga gara in amsa a nan zauren gida saboda na san akwai waɗanda abin ya shafa ko da ba su yi magana ba. Ga wanda bai ji ba, Kawu ya zuba kuɗin giratutinsa a tireshari bil, wato takardar bashin gwamnatin tarayya ta gajeren zango, na shekara ɗaya, ribar ta kama naira 900,000, amma da alat ya shigo sai ya ga an zare 90,000 da sunan haraji. Sannan wani ya ba shi shawarar ya kwashe kuɗin ya kai takardar bashin wani kamfani da ke biyan kashi 20, tunda ta gwamnatin tarayya mai dogon zango kashi 17 aka ce masa. Tambayar ita ce, banki ne ya cuce shi, kuma ya koma wajen kamfanin ko kuwa?

To Kawu, da farko dai ku kwantar da hankalinku, banki bai cuce ku ba. A shekarar 2025 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, ta fitar da sanarwa cewa bankuna da dillalai su riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga ribar takardun gajeren zango, tireshari bil na ciki, takardun bashin kamfanoni ma na ciki. Ku lura, a kan riba ake cirewa, ba a taɓa uwar kuɗi. Kashi 10 na 900,000 shi ne 90,000 ɗin da kuka gani, lissafin ya tafi daidai. Abin da sanarwar ta bari ba haraji shi ne ribar takardun lamuni na gwamnatin tarayya, wato waɗanda ofishin kula da basussuka, DMO, yake sayarwa na shekaru.

Abin da ya sa mutane suka ji abin kamar daga sama shi ne an daɗe ana cin ribar nan cif-cif. A zamanin Jonathan aka yi wata doka da ta fara aiki ranar 2 ga Janairun 2012, ta yafe wa kamfanoni haraji a kan ribar tireshari bil da takardun jihohi da na kamfanoni, har shekara goma. Manufar ita ce kasuwar ta tashi, mutane su saba ba da bashi ta wannan hanya. Shekara goma ta cika a farkon 2022, ba a sabunta ba, na gwamnatin tarayya kaɗai ya tsira. Daga baya kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, aka fara aiwatar da su gaba ɗaya 1 ga Janairun 2026. Ke nan cikin 'yan shekaru ƙa'idar ta motsa fiye da sau ɗaya, kuma tana iya sake motsawa.

Yanzu maganar kamfanin nan, a nan nake so mu ɗan tsaya, don wallahi nan ne mutane suke asarar guminsu. Ku ɗauka miliyan biyar ce a hannunku. Kamfani ya ce kashi 20, ke nan miliyan ɗaya a shekara. A cire kashi 10 na haraji, saura 900,000, wato kashi 18 ne ya shigo aljihunku. Takardar gwamnatin tarayya kuwa kashi 17, ke nan 850,000, ba a cire ko kwabo. A bakin mai tallan tazarar 150,000 ce. A aljihunku 50,000 ce kacal. Kamar mai sayen buhun masara ne a Dawanau, farashin bakin kasuwa daban, abin da buhun ya tsaya masa bayan dako da kuɗin mota daban, kuma da na biyun ake lissafi.

To sai ku tambayi kanku, 50,000 a shekara ta isa in ɗauki miliyan biyar ɗina in ɗora a kan kamfani? Domin kamfani yana iya shiga matsala. Dala ta tashi, kayan da ya shigo da su suka ƙi fita, masu bin sa bashi suka taso masa, sai ranar biya ta zo a ce a yi haƙuri. Gwamnatin tarayya kuwa a wannan takarda bashin naira take ci, ita ke karɓar haraji, rashin biya daga wajenta abu ne mai wuyar gaske. Kuma kada wani ya ce muku hukumar NDIC za ta biya ku. NDIC ajiyar banki take karewa, har miliyan biyar ga mai asusu a bankin kasuwanci tun 2024, ba ta da hannu a takardar bashin kamfani. Ni a nawa ganin, ga mutumin da ya yi ritaya, wanda wannan kuɗin ne gumin aikinsa na shekara talatin da biyar, tazarar kashi ɗaya ba ta kai ba. Sam ba ta kai ba.

Ba wai ina cewa takardun kamfanoni ba su da kyau ba ne. Manyan kamfanoni irin Dangote da MTN suna cin bashi ta wannan hanya a kasuwar saye da sayar da takardun bashi ta FMDQ, kuma akwai masu auna ƙarfin kamfani irin Agusto da GCR da suke ba da maki. Amma ku duba su wa suka fi sayen irin waɗannan takardu. Kamfanonin fansho suna sahun gaba, su kuwa dokar fansho ta 2014 ta yafe wa kuɗin da suke juyawa haraji, saboda haka kashi 20 a wajensu kashi 20 ne cur. Ga su da ma'aikata da aikinsu ke nan, karanta littattafan kamfani, ga shi suna rarraba kuɗin a wurare da dama. Takarda ɗaya ce, amma ribarta a hannunsu daban, a hannunku daban.

Alhaji Ƙarami, kai da kake zuba kuɗin kamfaninka, naka lissafin ya fi haka zafi. Kashi 10 ɗin da aka cire maka kafin alƙalami ne kawai. In kamfaninka na cikin masu biyan kashi 30, ribar kashi 20 ta koma 14 a ƙarshen shekara, ka ga kashi 17 na gwamnati da ba haraji ya wuce ta nesa. Ka tabbata ka karɓi shaidar cirewar, akantanka ya rage ta daga abin da za ka biya, in ba haka ba ka biya sau biyu.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. In aka ɗora haraji a kan wata takarda, masu saye sukan nemi ƙarin riba don su cike giɓin, sai farashin wadda ke hannun mutane ya sauka. Wanda ya riƙe tasa har wa'adi ya cika, uwar kuɗinsa na nan. Wanda larura ta sa ya sayar a tsakiya, shi ke ɗaukar faɗuwar. Wannan ya shafi ta gwamnati ma, musamman mai shekara goma ko ashirin, in kuɗin ruwa ya tashi a ƙasa farashinta yakan faɗi. Shi ya sa Kawu ba zan ce ku kulle komai a mai dogon zango don gudun haraji ba. Kuɗin asibiti da na makarantar yara su zauna a inda hannu zai kai da wuri, ko da ana cire kashi 10 ɗin.

Hajiya Babba ta taɓa cewa ita duk abin da ya shafi kuɗin ruwa ba ta ciki, kuma na san da yawanmu haka ne. Hukuncin wannan na malamai ne. Amma akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka gina a kan ijara, ana biyan kuɗin haya duk wata shida, kuma majalisar masana ta Babban Banki ta amince da tsarinsa. Na farko ya fito a Satumban 2017, naira biliyan 100, shekara bakwai, aka yi tituna 25 da shi. Wanda yake bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan da aka rubuta sukuk a gefen titi, kuɗin ke nan. Da naira 10,000 ana shiga. Na 2025 biliyan 300 aka nema a kan kashi 19.75, mutane suka kawo sama da tiriliyan biyu. DMO tana lissafa shi cikin takardun gwamnati ta fuskar haraji, amma duk fitowa a karanta abin da takardar tayin ta ce kafin a sa hannu.

Ga mai son gajere kuma, akwai takardar tanadi ta gwamnatin tarayya da aka fara a Maris ɗin 2017. Shekara biyu ko uku ce, daga naira 5,000 zuwa miliyan 50, ana buɗe ta kowane wata, ana biyan riba duk wata uku. Ta hannun dillalin hannun jari mai rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ake saye.

Saboda haka Kawu, kafin ku motsa ko naira ɗaya, ku ce wa mutumin ya rubuto muku sunan kamfanin, da makin da aka ba shi, da wa'adin takardar, da abin da zai shigo asusunku bayan an cire haraji, a naira, ba a kashi ba. Ku kuma je banki ku karɓi shaidar 90,000 ɗin nan ku adana. In ya turo, ku ɗauki hotonsa ku aiko mini, in sha Allahu da daddare bayan isha sai in kira ku mu bi shi layi-layi. A gaida su Inna. Wassalamu alaikum.