Ɗan haya ya daina biya: zan iya canza makulli?

Tambaya: Ina da gida mai sassa biyu, ina zaune a ɗaya, ɗayan na ba da haya. Wata huɗu ke nan ɗan hayar bai biya ba. Ya ce rufin yana yoyo, sai na gyara. 'Yan'uwana sun ce in yanke masa ruwa in canza makulli, tunda gidana ne. Mene ne haƙƙina a doka?

Amsa: Malama, kada ki taɓa makullin nan, kada ki yanke ruwa ko wuta. Na san da ciwo, don mai ƙaramin gida sau da yawa da kuɗin hayar yake riƙe kansa. Amma ranar da kika karɓi kuɗi kika miƙa makulli, mallakar gini ta tsaya a hannunki, ikon zama a ciki ya koma hannunsa. A mafi yawan ƙasashe kotu ce kaɗai ke iya karɓe wannan iko. A Ingila, dokar kare 'yan haya daga kora ta 1977 ta mayar da korar ɗan haya da ƙarfi ko takura masa laifi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ita ma ta tanadi tara ko ɗauri har wata shida. Kin ga ke ce mai bin bashi, amma kuskure ɗaya zai sa ki zama wadda ake tuhuma.

Haƙƙinki yana nan daram. Kina da ikon karɓar kuɗinki a kan lokaci, da neman diyyar ɓarnar da ya yi wa ginin, da karɓar gidanki idan ya saɓa yarjejeniya. Sai dai hanya ɗaya ce. Ki rubuta masa takardar neman bashi, da adadin kuɗin da watannin da bai biya ba. In bai biya ba, sai notis na tashi, a rubuce, da kwanan wata, a miƙa masa ta yadda za ki iya nuna cewa ya samu. In wa'adi ya cika bai tashi ba, sai kotu, kuma ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, ba 'yan'uwanki ba.

A wajen notis ne masu gida suka fi faɗuwa. Tsawonsa ya danganta da dokar wurin da gidan yake da kuma irin hayar. A Legas, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu ba, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ne, mai biya shekara-shekara na wata shida. Idan aka rage kwanaki ko aka rubuta ranar da ba ita ba, alƙali yana iya watsar da ƙarar, a koma farko, bashin kuma yana ta hauhawa. Shi ya sa nake ba ki shawara ki bar lauya ya rubuta wannan takarda guda ɗaya, ko da sauran za ki yi da kanki.

Maganar yoyo kuwa, kada ki ɗauke ta a matsayin hujjar banza. Rufi, bango, bututun ruwa da wayoyin lantarki galibi suna wuyan mai gida. Na ɗan haya shi ne tsafta, ƙananan gyare-gyare da abin da ya lalata da hannunsa. A wurare da yawa yoyo ba ya ba shi damar riƙe kuɗi da gaban kansa, amma zai kawo shi a gaban alƙali, kuma ana iya rage abin da kike binsa. Ki sanar da shi ranar da za ki kawo mai gyara. Zama maƙwabta bai ba ki damar faɗa masa ɗaki ba sanarwa ba. A Ingila sai an ba da awa 24 a rubuce kafin a shiga duba gyara. Ki ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, ki adana rasit.

Idan kin karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, amana ne a hannunki, kuma dushewar fenti ko tsufan famfo ba ɓarna ba ne.

Kafin a kai ga kotu, ki zauna da shi da shaida ɗaya. Ki gyara rufin, shi kuma ya sa hannu a kan jadawalin biyan bashin da ranar da zai tashi in ya kasa. In babu rubutacciyar yarjejeniya tun farko, wannan zama ne lokacin rubuta ta. Tsofaffin rasit da saƙonnin waya kuma ki tara su wuri ɗaya, don su ne za su nuna nawa ne hayar da ranar da ya yi biyan ƙarshe.