Da gaske jiragen yaƙi sun jefa wa mutanen Holan abinci?

Tambaya: Malam, na ji an ce a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu jiragen da ke ruwan bama-bamai sun koma jefa abinci a Holan. Gaskiya ne? Me ya hana Jamusawa harbo su?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Amma bari mu fara da yunwar da ta jawo hakan.

A Satumbar 1944 gwamnatin Holan da ke gudun hijira a Landan ta umarci ma'aikatan jirgin ƙasa su shiga yajin aiki don a karya lagon sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar. Jamusawa suka rama da hana shigar da abinci yammacin ƙasar, inda Amsterdam da Rotterdam da Hague suke. Ga shi hunturun shekarar ya zo da tsanani, ruwan da jiragen kaya ke bi ya daskare. Mutane suka koma dafa albasar furen tulif, suna ɓalle ƙofofi da katakon gida don hura wuta. Kimanin mutum 20,000 yunwa ta kashe.

Hana harbin kuwa sulhu aka yi. Arthur Seyss-Inquart, wanda Hitler ya ɗora a kan ƙasar, ya ga alamar yaƙi ya ƙare musu. Jamusawa suka zauna da wakilan Birtaniya da Amurka a ƙauyen Achterveld a ƙarshen Afrilun 1945, aka ware hanyoyin da jirage za su bi da filayen da za su sauke kaya. Abin da ke taɓa zuciyata shi ne matuƙan Birtaniya sun tashi ranar 29 ga Afrilu, tun ba a kammala yarjejeniyar ba. Suna tafe ƙasa-ƙasa, mita ɗari da 'yan kai, suna kallon bakin bindigogin Jamusawa na bin su. Dole su sauko haka, don babu laima a jikin buhunan. Da daga can sama aka sako su, da sun tarwatse.

Birtaniya ta sa wa aikin suna Manna, wato mannun nan da aka saukar wa Bani Isra'ila. Amurka ta shigo ranar 1 ga Mayu da jiragenta B-17. Zuwa 8 ga wata an zubar da sama da tan 10,000 na fulawa, naman gwangwani, garin ƙwai, cuku da cakulan.

Sai dai kada ka ɗauka ranar da buhu ya faɗo ranar aka ci. Sai da aka tattara, aka tantance, aka raba bisa katin rabo, abin da ya ɗauki kwanaki, wasu kuma suka cika kafin rabo ya iso gare su. Shi ya sa aka haɗa da manyan motoci daga 2 ga Mayu, suna ratsa fagen daga da kaya ta wajen garin Rhenen. Ranar 5 ga Mayu sojojin Jamus da ke Holan suka miƙa wuya a Wageningen.