Hukuncin Sayar da Kajin da Ba Su Gama Kwanakin Magani Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina kiwon kajin gidan gona. Mukan zuba musu antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha ko da lafiyarsu ƙalau, kuma idan kasuwa ta buɗe gab da sallah mukan sayar kafin kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin su cika. Naman ya halatta? Kuɗin fa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kazar da aka yanka da sunan Allah ba mushe ba ce, wanda ya saya ya ci bai sani ba kuwa babu laifi a kansa. Maganar tana wuyanka ne, kai mai kiwo.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 168, mu ci halal mai kyau. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma a ruwayar Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. To, akwai cutarwa a nan? Wannan likitoci ake tambaya, sun kuma amsa. Idan kaza na shan magani irin su oxytetracycline kullum, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai daga cikin irin su Salmonella da E. coli su rage su hayayyafa. Daga hanji sai su hau nama wajen fiɗa, su bi wuƙa da katako da hannun uwargida zuwa cikin yara. A je asibiti, a yi allura, ciwo ya ƙi ji. An ƙiyasta cewa a 2019 irin waɗannan ƙwayoyin sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma a Afirka ta Yamma ne ɓarnar ta fi tsanani. Tarayyar Turai ta hana bai wa dabbobi antibayotik don ƙiba tun 2006.

Saboda haka yi wa kaza mara lafiya magani bisa umarnin likitan dabbobi halal ne, har da lada, domin tausayin dabba ibada ne. Ɗura wa lafiyayyu magani don su yi saurin nauyi bai dace ba, ka bari. Sayarwa kafin kwanakin su cika tare da ɓoye wa mai saye kuwa haramun ne, don aibi ne ka rufe, tunda ragowar maganin na iya kasancewa a cikin naman. Cinikin ya ƙullu, amma da zunubi, kuma mai saye na da damar mayarwa idan ya gane. Ka tuba, ka riƙa rubuta ranar da ka daina ba da magani. Jira ba baƙon abu ba ne a fiƙihu: Ibn Umar yakan tsare kaza mai cin ƙazanta kwana uku kafin a yanka.

Masu saye kuma su dafa nama ya nuna har ciki, su raba wuƙar nama da ta latas da tumatir, su wanke hannu da sabulu. Wuta tana kashe ƙwayoyin, amma ba lalle ta kawar da ragowar maganin ba.

Wallahu a'alam.