Tukunyar gas a jirgin ruwa: ta faiba ko ta ƙarfe?

Tambaya: Injiniya, ina da ƙaramin jirgi da nake ɗaukar masu shaƙatawa a tafkin Jabi da ke Abuja, muna gasa musu kifi a ciki. Mai shago ya ce tukunyar faiba ba ta fashewa, ko ƙarƙashin benci na tura ta ba komai. Har da yara nake ɗauka, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ta faiba tana da kyau: nauyinta kusan rabin na ƙarfe, ba ta tsatsa, kana hango inda gas ya tsaya. Amma ruwan Jabi ba na gishiri ba ne kamar na Legas, ta ƙarfe mai fenti za ta yi maka shekaru.

Zancen “ba ta fashewa” ne ke ci mini rai, kullum sai na ji shi a bakin masu shago. Gaskiya ne in gobara ta kama ta, yawanci jikinta kan saki gas ya ci da wuta, maimakon ta tarwatse. To amma a jirgi ba tukunya ce ke fara kashe mutane ba, yoyo ne. Gas ya fi iska nauyi. A kicin yana iya bin ƙofa ya fita. A jirgi gangarawa yake ya kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwarya. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin batir ko tayar da inji ya isa. Tiyo da ya tsage da regileta mai arha ba ruwansu da irin tukunyarka. Wanda ya ce ka tura ta ƙarƙashin benci, ya ji tsoron Allah, rayukan ’ya’yan mutane ne! Ko a Amurka, a 2013 hukuma ta sa aka janye tukwanen faiba na kamfanin Lite Cylinder saboda haɗarinsu.

Ɗaure ta a tsaye a sarari, inda yoyo zai sauka waje, ka yi mata inuwa saboda ranar Maris. Kada a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100, ko mai cikawa ya ce gyara ya yi maka. Duba shekarar da aka buga a jikinta don ka san ko ta tsufa. Kafin fasinja su hau, shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ka ga kumfa na tashi, rufe kan, a fasa gashin ranar.